Ranar da Munka Yi Makokin Jaki

Tun da anka kawo injin niƙan ga na bakin kasuwa kunnena bai ƙara hutawa ba. Tu-tu-tu-tu tun sahe har la'asar, awa ƙaton maƙeri na dukan uwar maƙera. Jikokina su ɗauki ƙwarya su ruga, kahin in gama ɗaurin kallabi sun dawo da gari, gari mai warin baƙin mai, in ka yi tuwo da shi sai ka ji awa ka lashi ƙafar mota. In na yi magana su ce tsohuwa ta cika ƙorafi. Dutsen niƙan gidanmu kuwa, wanda yac cinye gwiwar mata tun kakar kakata, shina can gindin rumbu kaji na shan ruwa ciki. Ni ba ciwon bayan da munka sha nika kewa ba, wanga ku riƙe abinku. Abin da ka damuna, inji ba shi waƙa. Shi dai ihu yas sani.

Illelar da nit tashi ciki ba wagga ba ce ta manyan motoci da 'yan canji masu kiran sefa-sefa a kunnen mutum. Gari ne ɗan ƙiris, in ka yi atishawa gabas sai a amsa maka daga Ƙonni. Lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ba. Sunka bi daji sunka tara duwatsu, sunka ce daga nan na Ingilishi ne, daga can na Faransi. Mu dai mun ji. Akuyarmu na cin ciyawar Ingilishi da sahe ta tai ta yi kashi ƙasar Faransi da marece, ba wanda yat tambaye ta. Abin da ka tada garin kuwa ba zakara ba ne, duwatsu ne. Ana idar da sallar asuba za ka ji gurrr, gurrr, daga wanga gida, can wani ya amsa, har garin duka shi ɗauka, sannan murya guda ta hau bisa. Muryar uwata ce. Inna muka ce mata. Ita ka bada waƙa, matan maƙwabta su karɓa ta saman danga, ni kuma ina durƙushe gehenta da ɗan ƙaramin dutsena, ni ce sarkin amshi. Shi yas sa ba ta kirana da komi sai Mai Baki.

Inna ba ta bar kowa ba. In miyarki ta yi ruwa jiya, yau garin duka ya sani. Ranar da wani Bature yab biyo ta garin bisa doki da guntun wando, kahin shi kai Amarawa an riga an niƙa shi:

Bature ya zo da guntun wando,
Gwiwa waje awa ɗan shila,
Ku ba shi zane, ku ba shi zane,
Kada uwatai ta ji labari.

Mu kuwa mu kwashe: Ku ba shi zane! Babanmu ma, da ke fataucin kanwa da gishiri, bai tsira ba. Ita tay yi mai waƙar maigidan da yat tahi kasuwa sayen nama yad dawo da labari, tac ce to a aza tukunya a dafa labarin. Baba shina zaure shina jin abinai, shi yi tari shi ce, "Wagga mata, Allah shi shirye ta," amma kafaɗunai na rawa.

Mutum guda ne duk Illela bai taɓa shiga waƙar Inna ba, shi ne yayana Manu, ɗanta na fari. Ku yaran yanzu da ka rungumar ɗan fari gaban surukai kuna kiran sunanai awa mai tallar goro, ba ku san wanga ba. A zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta dubanai cikin mutane, ba ta yabonai, ba ta nuna ta san an haihe shi. Kunya ke nan. Tun da anka yaye Manu ɗakin Kaka, uwar babanmu, yak koma, ita ka kiranai mijinta, shi kuma shi ce ya sake ta don ba ta da haƙora. Wurin Inna kuwa sunanai Wancan. Shi dawo daga tahiya, shi durƙusa shi aje mata dabino, sai ta juya ta dubi bango ta ce da ni, "Ke Mai Baki, ce ma wancan shi wanke ƙafa, ya cika min gida da ƙasar Faransi." Amma in an rarraba tuwo, ni da ka kai akushi na san wane ya hi nauyi, na kuma san ƙarƙashin malmalar wa anka binne ƙashin bargo.

Manu dogo ne mai manyan kunnuwa da dariya awa an kihe ƙwarya, kuma shina da jaki baƙi ƙirin, Duna. Ban taɓa ganin dabba mai baƙin hali irin Duna ba. Ya ciji Baba, ya ciji wanzami, ya harbi mai shelar gari ana tsakar shela. Manu kaɗai ka ja mai kunne shi tsaya awa amarya. Tare suka bin ayarin jakai su wuce Ƙonni su yi arewa ɗauko kanwa.

Wata tahiya, cikin zahin bazara, da hantsi muna shanya gero sai munka ji kukan jaki ƙofar gida. Nil leƙa. Duna ne, da kayanai daram bisa baya, igiya na jan ƙasa, ba kowa bayanai. Na ruga ciki ina murna ina faɗin sun dawo. Inna tad ɗago kai tad dubi jakin ta ƙofar zaure, tad daɗe, sannan tak koma ga geronta tana bazawa da hannu, wurin da ta riga ta baza. Sai la'asar mutanen ayari sunka iso. Zazzaɓi ne yak kama shi hanya, kwana kaɗan yay yi, sunka binne shi wani ƙauye can arewa da ban taɓa iya riƙe sunanai ba. Jakin ya tsinke igiya ne yab baro su.

Anka yi zaman makoki. Kaka tay yi kuka har muryarta tad dushe, tana mijina ya tahi ya bar ni. Mata su shigo su wuce kai tsaye wurin Kaka, ita ce mai rashi. Inna tana madafa tana tuƙa tuwon baƙi, idonta ƙamas. Na ji tsohhin mata na yabonta, "Kai, wagga ɗiya ta san kunya, ko ƙwalla." Haka anka watse. Washegari duwatsu sunka tashi gurrr, gurrr, kowa na jiran muryar, shiru. Washegari ma shiru. Garin yak koma awa anka yi mai sata. Matan maƙwabta sunka gwada bada waƙa da kansu, Allah shi yahe masu, kare ma ya hi su.

Ba shirun ne yab ba mu tsoro ba, cin abinci ta daina. Ta kai loma baki ta mayar. Zanenta da ka zagaya ta sau guda yak koma zagaya ta har ka gaji da jira, awarwaron hannunta in ta ɗaga hannu sai shi gangaro har hammata. Ba ta kwanta ba, ba ta ce komi na ciwo ba, aiki take awa baiwa. Wata rana Kaka tak kira ni bayan rumbu.

"Ke mai bakin tsiya, zo nan. Kin ga uwarki?"

"Na gan ta, tsohuwa. Mi za a yi?"

"Tsohuwa ta ci gidanku. Ji nan. In yarinyar ga ba ta yi kuka ba, kahin a yanke gero mun kai ta kushewa. Kuma ba ta yi, don ta san ana kallo. Sai mun samo mata dalili."

"Wane irin dalili?"

"Wanda ba Manu ba, sakarya."

Munka soma da albasa. Kun san albasar ƙasarmu, ko daga cikin buhu tana sa maƙiyi hawaye. Kaka tac ce yau ita miyar albasa zalla take marmari, tas sa anka jibge ma Inna kwando guda. Inna tay yanke shi tas, ni da ke tsaye nesa majina har haɓa, ita ko ƙifta ido ba ta yi ba, tac ce, "Akwai saura?" Da wanga bai ci ba Kaka tac ce sai barkono. Tab ba ni dunƙule guda, busasshe ja wur, irin wanda in ka nuna ma aljani shi bar gari, tac ce in Inna ta shiga madafa in watsa cikin murhu in ja asabari. Niy yi yadda anka ce. Jama'a, ranar na ga tashin duniya. Kaji sunka hau danga, Baba yah hito daga zaure da rawani a hannu shina tari shina salati, almajiran Malam Sani da ke bayan gidanmu sunka watse, Kaka da kanta, uwar dabara, anka ja ta waje da ƙafa tana kiran ruwa. Gidan duka na kuka, har maƙwabta. Inna tah hito cikin hayaƙin, tay yi atishawa guda, tad dube ni, taɗ ɗauki muciya. Sai da niz zagaya rumbu har nir rasa gabas. Kaka na zaune tana share ido tana cewa, "Ƙara mata, ɗiyar ga ba ta jin magana."

Duk wanga abu Duna na ɗaure bayan madafa, ba mai kula shi don ba mai son cizo. Wata asuba muna niƙa, ni da ita, sai ga baƙin kai ya ɓullo ta cikin danga. Ya ci dangar ya huda ta, yas sa baki cikin faifan Inna shina tauna gero hankali kwance awa an gayyace shi. Inna taɗ ɗaga ɗan dutse za ta kwaɗa mai. Sai hannun yat tsaya sama. Suna kallon juna. Tam mayar da dutsen, tat tura shi gaba, taj ja shi baya, sai nij ji wata murya can ƙasa, awa ƙofar da tad daɗe ba a buɗe ba:

Duna baƙin ɓarawo,
Ka ci gerona, ka ci dangata,
Kunnuwa awa faifai biyu,
Ka san hanya, ka dawo kai ɗai.
Duna, wa yab ba shi ruwa?

Ni da murna ta kashe na wage baki zan karɓa. Tad daki gwiwata da bayan hannu. "Nan ba a amsawa," tac ce. Munka ci gaba da niƙa, dutse kaɗai ka magana, har sai da tas sake ɗauka.

Daga ranar ba ta ƙara yi ma kowa waƙa ba sai jakin nan. Masu miya mai ruwa sunka huta, Baba yah huta, Nasara ma sunka huta. Kuma duk waƙoƙin hanyarsu guda. Ta soma da zagi, zagi mai daɗi wanda sai kin saki dutse kin riƙe ciki: Duna mai haƙoran gatari, Duna da kukanai ya kori damina, Duna da ya nemi auren jakar Amarawa anka ce a dawo in ya yi wanka. Nan kowa na amshi, ana shewa ta saman danga. Sai ta sassauta hannu, dutsen shi yi sanyi, ta jeho tambaya guda. Duna, inuwa ce ko rana? Duna, ya ci wani abu ranar? Duna, da dare yay yi sanyi wa yar ruhe shi? Duna, ya kira wani? Nan duk Illela ba mai buɗe baki. Ka ji duwatsu gida-gida suna tahiya su kaɗai. Ban taɓa jin wanda yak koya ma matan ga haka ba, kowa dai ya gane. Garin da anka niƙa ga waƙar Duna ma daban yake, don a wurin shirun nan hannu ba shi gaggawa, sai shi hito laushi awa toka. Har daga Amarawa mata sunka riƙa zuwa da sunan aron rariya don su kwashi baiti. Wata baƙuwa daga Ƙonni tat taɓa cewa, "Wai shin wane ne ba a ba ruwan ba?" Kaka tat taka mata ɗan yatsa har sai da tay yi salati.

Inna tas soma shan hura, kaɗan-kaɗan, amma tuwo ko loma, idon kuma shina nan ƙamas. Kaka tac ce da ni, "Ƙurjin ya yi baki, bai dai fashe ba. Kada ki bari kowa shi taɓa jakin ga." Aikuwa ba a daɗe ba Baba yac ce za shi aza ma Duna kaya shi bi ayari, jaki ba a aje shi don ado. Yah hito da mangala yad dire tsakar gida. Kaka taz zo taz zauna bisa.

"Iya, tashi mana, tahiya za a yi."

"Aza ni tare da ita."

"Iya, jaki na ci ba shi aiki, mutane na yi min dariya."

"Kai ma ka yi shekaru kana ci ba ka aiki, ban kai ka arewa ba."

Baba yad dubi madafa, inda Inna ta ba shi baya, yad dubi uwatai, yas shuri takalmi yah hita. Duna kuwa yaz zama hakimi. Dusa da sahe, harawa da marece, ya yi ƙiba har in ya kwanta sai an kira maƙwabta. Halin dai bai sake ba. Inna na zuba mai dusa tana zaginai, shi kuma shi kai mata cizo.

Cikin damina ne, gero ya yi kai, Duna yat tsinke yak kutsa wata gona yac ci gyauron dawa har yaƙ ƙoshi. Kahin hantsi cikinai ya kumbura awa ganga. Anka ɗura mai kanwa, anka ɗura mai jiƙo, ina. Yam miƙe ƙafafu bayan madafa. Inna ba ta nan, ta tahi rijiya. Ina tsaye tas shigo da tulu bisa kai. Tag gan shi. Tulun ne yaf fara zuwa ƙasa, sannan ita. Ƙarar da tas saki, wallahi tantabarun Ƙonni sun tashi.

"Wayyo Duna! Wayyo ni Duna! Ka tahi ban ce maka komi ba! Na goye ka ban dube ka ba! Ka kawo min dabino na dubi bango!"

Ni dai tun da nike ban ga wanda yag goyi jaki ba, ban kuma ga jakin da yak kawo dabino ba. Na juya wurin Kaka. Tana murmushi, hawaye na bin ramukan kumatunta.

"Mi kika tsaya kallo? Shimfiɗa tabarmi. Duka."

Kahin azahar gidanmu ba masaka tsinke. Matan da sunka wuce ta wancan karon sunka tahi wurin Kaka, yau Kaka na bakin ƙofa tana nuna masu hanya da sanda. "Can za ku, ga mai rashi can." Su durƙusa gaban Inna. "Ya haƙuri? Ya muka ji da rashi?" Ita kuwa tana kuka awa an fasa randa, tana amsawa, "Haƙuri sai ma'aiki." Guda cikin tsohhin da sunka yabe ta da kunya ita tar riƙe mata kai. A zaure kuwa abokan Baba sun same shi. "Sannu da rashi. Ya bar 'ya'ya nawa? Wa za shi gaji akumarin bayanai?" Baba ya sunne kai cikin rawani, ba ka sanin dariya yake ko mi.

Ana haka sai ga Malam Sani, gemu na rawa, carbi a hannu. Ya ji labari. Yat tsaya ƙofar zaure ta ciki yad daka sallama.

"Iya, mi nika ji haka? Makokin jaki? Cikin garin Musulmi? Gobe kuma sai a kira ni sunan ɗan akuya!"

"Malam, sannu da zuwa. Duna ya taɓa cizonka, na sani."

"Ba zancen cizo ba ne! Wanga ba shi cikin littahi!"

"To ban yi karatu ba. Tsaya nan ka saurara kaɗan, in ka ji jaki aka ma kuka, ni da kaina zan naɗe tabarmin."

Yat tsaya. Daga ciki muryar Inna na hitowa, ta dushe, ba waƙa ba ce yanzu, magana ce kawai. Tana faɗin ranar da yaf fara tahiya yaf faɗi cikin toka, da yadda tal laɓe bayan danga tana kallo ranar da anka yi mai kaciya, da ƙashin bargon da take ɓoyewa. Gemun Malam yad daina rawa. Yam mayar da carbi aljihu, yag gyara murya, yaɗ ɗaga hannu. Mazan zaure sunka bar dariya sunka ɗaga nasu.

"Allah shi jiƙan Usumanu," yac ce da ƙarhi, yadda har madafa za a ji. "Allah shi jiƙan Manu, shi sanyaya makwancinai, shi shayar da shi. Allah shi ba uwar da tah haihe shi haƙuri."

Mata duk sun sunkuyar da kai, ba mai son shi zama na farkon dubanta. Sai Inna tac ce, "Amin." Ba cikin zane tac ce ba. Ta ɗaga kai, gaban surukuwarta, gaban garin duka. "Amin, Malam. Ƙara."

Yaƙ ƙara. Sai da yay yi har hannunai yag gaji.

Da la'asar mutane sunka watse, samari sunka ja Duna bayan gari, da kyar, don hakimin ya yi nauyi. Ina naɗe tabarmi sai nij ji an ja min zane. Inna ce, ido ya kumbura awa an cije ta, hanci ja.

"Ke Mai Baki."

"Na'am, Inna."

"Tuwon jiya ya saura?"

Na ce ya saura. Tac ce in ɗumamo shi duka, kuma in na taɓa ƙashin da ke ciki sai ta karya ni.